Ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa: yadda likitoci ke daidaita shi da tiyata

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

  

Yau shirin namu zai tsaya ne a kan saƙon wata baiwar Allah da ke sauraronmu daga Kiyawa, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta ce ƙaninta ɗan acaba ne. Wata huɗu da suka wuce ya faɗi da mashin a wajen Shuwarin, kansa ya bugu da kwalta, har ya ɗan suma. Raunukan sun warke, Alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar komai biyu yake gani, ɗaya a saman ɗaya. In zai zuba shayi a kofi sai ya zuba a tabarma. In zai sauka daga matakala sai ya dafa bango. Ya ajiye mashin, wato abincinsa ya tsaya. Kuma yanzu kansa a karkace yake yawo da shi, ya kwanto wajen kafaɗar hagu. An kai shi wurin maɗori an murza wuyan, babu canji. Da suka je asibiti, likitan ido ya gwada shi ya ce su jira tukuna, in bai daidaita ba za a yi masa aiki. To tambayoyinta biyu ne. Me ya sa za a ce mutum ya jira alhali yana cikin wahala? Kuma da gaske ne sai an ciro idon waje ake aikin, sannan a mayar?

'Yar'uwa, mun gode da wannan saƙo, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Ni ban ga idonsa ba, likitan da ya duba shi ne ke da ta cewa a kansa. Amma abin da kika siffanta sananne ne a wurin likitocin ido, kuma zan yi ƙoƙarin warware shi daki-daki.

Mu da mun saba, in an ce harara-garke, abin da ke zuwa mana shi ne idon da ya shige wajen hanci ko ya fita wajen kunne. Akwai wani nau'in da ba a cika lura da shi ba, inda ido ɗaya yake ɗan hawa sama ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. Sau da yawa bambancin kaɗan ne, wanda ke kallon mutumin ma ba zai gane ba. Amma shi mai idon yana shan wuya. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana da haƙuri sosai da saɓanin hagu da dama, domin kullum tana haɗe idanu ciki in za a kalli abu na kusa, ta saba. Saɓanin sama da ƙasa kuwa, ɗan kaɗan take iya haɗiyewa. Da ya wuce nan, sai hoto ya rabu biyu.

Yanzu mu leƙa bayan ido. Kowane ido yana da tsoka shida da ke juya shi. Huɗu miƙaƙƙu ne: ta sama, ta ƙasa, ta wajen hanci, da ta wajen kunne. Biyu kuma a gicciye suke, ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa. Ɗaga ido da sauke shi aikin tsoka huɗu ne, miƙaƙƙun sama da ƙasa da kuma na gicciyen nan biyu. Na gicciyen suna da ƙarin aiki, su ne ke ɗan murza ido kamar sitiyari, don duniya ta tsaya daidai ko da ka karkata kai. Jijiyoyi uku ne ke kawo wa waɗannan tsokoki umarni daga ƙwaƙwalwa, likitoci na kiran su ta uku, ta huɗu da ta shida.

Wadda ta shafe mu yau ita ce ta huɗu. Aikinta ɗaya tak, tana motsa tsokar gicciye ta sama, wadda ke sauke ido ƙasa musamman in an kalli wajen hanci, irin kallon da kake yi in kana karatu ko kana duba inda za ka taka. Ita wannan tsoka abin mamaki ce, don igiyarta sai ta bi ta cikin wani ɗan zobe a kusurwar gurbin ido ta lanƙwaso baya, kamar igiyar guga da ta bi ta kan icen da aka gicciya a bakin rijiya. Jijiyar ta huɗu kuma ita ce mafi siranta a duk jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, ta bayan ƙwaƙwalwa take fitowa, kuma ta fi kowace doguwar tafiya a cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa ko bugun kai bai yi tsanani ba yana iya taɓa ta. In ta samu rauni, tsokar da ke sauke ido ta yi sanyi, sai wannan idon ya hau sama.

To me ya kawo karkata wuya? Nan ne mutane ke ruɗewa. Idan jijiyar idon dama ce ta samu matsala, kwantar da kai wajen dama yana ƙara raba hotunan, kwantar da shi wajen hagu kuma yana haɗe su. Jiki da kansa yake gano wannan dabara, ba sai an koya masa ba. Saboda haka wuyan ƙanin naki lafiyarsa ƙalau, taimakon ido yake yi. Ko shekara maɗori zai yi yana murzawa, kan zai koma inda yake ganin abu ɗaya. Wani likitan ido Bajamushe, Alfred Bielschowsky, shi ne ya yi fice wajen bayanin wannan gwaji na karkata kai, har yau da sunansa ake kiran gwajin. A 1958 kuma wani likita a Amurka, Marshall Parks, ya tsara shi mataki uku: wane ido ne a sama, abin ya fi muni in an kalli dama ko hagu, sannan ya fi muni in an kwantar da kai ta wane ɓangare. Da waɗannan tambayoyi uku likita ke gano tsokar da ta gaza, ba tare da wata na'ura mai tsada ba.

Ku ma akwai gwajin da za ku iya yi a gida. Duk wanda ke ganin abu biyu, ya rufe ido ɗaya. Idan biyun suka koma ɗaya, kowane idon ya rufe, to matsalar daidaiton idanu ce. Idan kuwa da ido ɗaya ma yana ganin biyu, to abin yana cikin wannan idon ne, wataƙila yana ce ta fara ko tabarau yake buƙata, wannan maganarsa daban.

Ba faɗuwa kaɗai ke kawo shi ba. Da yawa da shi aka haife su. Za ka ga yaro tun yana koyon zama kansa a gefe guda, a makaranta malam ya yi ta cewa ya gyara zama, a gida a ce iyayi ne ko taurin kai. Wani kuma ƙwaƙwalwarsa ta yi ta riƙe idanun da ƙarfi shekara da shekaru, sai ya haura talatin ko arba'in ta gaji, ya wayi gari yana ganin biyu. Irin wannan, likita zai ce a kawo tsofaffin hotuna, a hoton firamare ma sai a ga kan a karkace. A wurin manya kuma, ciwon suga da hawan jini suna iya toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar, kuma wannan galibi yana warwarewa da kansa cikin 'yan watanni. Akwai wanda naushi ko dutse ko ƙwallo ya fasa masa siririn ƙashin da ke ƙarƙashin ido, tsokar ƙasa ta maƙale a tsagar, ido ya kasa ɗagawa. Akwai kuma masu wani nau'in ciwon maƙoƙo da ke kumbura tsokokin ido su yi tauri, kuma tsokar ƙasa ya fi kamawa, sai ta janyo idon ƙasa ta riƙe. Kun ga ke nan, alama ɗaya ce amma dalilai daban-daban, kuma dalilin ne ke nuna irin aikin da za a yi.

Yanzu tambayarki ta farko, maganar jira. Likitan nan ba wofintar da ku ya yi ba. Jijiyar da ta bugu tana iya farfaɗowa a hankali, gaba ɗaya ko wani ɓangare. Idan aka yi gaggawar matsar da tsoka yau, bayan wata uku jijiyar ta dawo da ƙarfinta, sai idon da ke sama ya koma ƙasa da ɗan'uwansa, an gyara an ɓata ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba ita ce a jira aƙalla wata 6, wani lokaci har zuwa shekara, ana awo a kai a kai, sai an ga adadin ya tsaya wuri ɗaya. Don haka kada ya yi fashin ranakun da aka ba shi ya koma, domin awon nan shi ne taswirar aikin.

Awon da wani gilashi ake yi mai suna firizim, gefe ɗaya kauri, ɗaya gefen siriri, yana lanƙwasa haske. Likita zai riƙa rufe ido ɗaya yana buɗewa, yana canza gilashin, har sai idon ya daina tsalle. Ma'auni ɗaya na firizim yana nufin haske ya kauce santimita 1 a nisan mita 1. Mai lafiyayyen ido, saɓanin sama da ƙasa da zai iya haɗewa bai wuce ma'auni 2 zuwa 3 ba. Idan saɓanin ƙarami ne, ana iya saka firizim ɗin a cikin tabarau mutum ya ci gaba da harkarsa ba tare da tiyata ba. Kafin lokacin aiki ya yi kuma, babban mutum zai iya rufe gilashi ɗaya na tabarau don ya huta da ganin biyu. Amma maganar hawa mashin da fasinja a wannan hali, don Allah ya haƙura tukuna.

Sai tambaya ta biyu, wadda na san ita ce ke hana mutane da yawa barci. Ba a ciro ido. Ku sake ji, ba a ciro shi, ba a ajiye shi a faranti. Ido yana haɗe da ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani, yana nan a gurbinsa daga farkon aiki har ƙarshe. Ba a ma shiga cikin ƙwayar idon. Tsokokin a jikin farin ido suke manne daga waje, ƙarƙashin wata siririyar fata mai kama da leda. Likita zai buɗe fatar ido da ɗan ƙarfe mai riƙewa, ya ɗan tsaga wannan siririyar fatar, ya saƙalo tsokar da ƙugiya, ya yi abin da zai yi, ya rufe da zare mai narkewa da kansa. Babu tabo a fuska. Aikin kuma ba sabo ba ne, tun 1839 wani likita mai suna Dieffenbach ya yi tiyatar harara-garke a birnin Berlin na Jamus, daga nan aka yi ta inganta shi.

Don ku gane dabarar, ku tuna shanun huɗa. Idan sa ɗaya ya fi ɗan'uwansa ja, kunya karkacewa take yi. Manomi yana da zaɓi biyu, ko ya rage wa mai ƙarfin gudu, ko ya ƙara wa mai raunin kuzari. Haka likita ke yi. In yana so ya rage wa tsoka ƙarfi, sai ya cire ta daga inda take manne ya ɗinke ta ɗan baya, ta yi sako-sako. In yana so ya ƙara mata, sai ya rage tsawonta ko ya ninke ta ya ɗinke, ta yi tsauri. Duk da milimita ake lissafin. A miƙaƙƙun tsokokin sama da ƙasa, matsar da tsoka milimita 1 yana gyara kusan ma'auni 3.

A matsalar jijiya ta huɗu, aikin da aka fi yi shi ne rage ƙarfin tsokar gicciye ta ƙasa a idon da ya hau. Ita ce kishiyar wadda ta yi sanyi, da ta ga babu mai ja da ita sai ta yi ta ɗaga idon. Ana matsar da ita ko a yanke wani yanki nata. Idan saɓanin bai wuce kamar ma'auni 15 ba, sau da yawa tsoka ɗaya ta isa. In ya wuce, akan ƙara ta biyu. A nan ne wani abu ke faruwa da ke tayar wa dangi hankali, likita ya ce zai taɓa lafiyayyen idon. Sai ka ji an ce ya ruɗe ne, ya manta wane ido ne ke ciwo. Bai ruɗe ba. Idanu tare suke aiki kamar shanun nan, wani lokaci sassauta tsokar ƙasa ta ɗaya idon shi ke sa su tafi kafaɗa da kafaɗa, musamman wajen kallon ƙasa. Ku dai tambaya a yi muku bayani kafin ku sa hannu a takarda, haƙƙinku ne.

Yaran da aka haifa da igiyar tsokar gicciyen sama ta yi tsawo da yawa, ana iya ninke ta. Wanda kuma babbar damuwarsa ita ce hoto ɗaya yana zuwa a jirkice, ya ga bango kamar zai faɗi, akwai aikin da wasu likitocin Japan biyu, Harada da Ito, suka bayyana a 1964, inda ake matsar da gaban igiyar kawai don a gyara murɗewar. Mai ciwon maƙoƙo, sai an daidaita ciwon, idon ya lafa, sannan a sassauta tsokar da ta yi tauri. Wanda ƙashi ya kama wa tsoka kuwa, sakin tsokar da gyaran ƙashin ne a gaba. Ga manya akwai wata dabara da Arthur Jampolsky ya yaɗa a Amurka a shekarun 1970: a ɗaure zaren da ƙullin da ake iya zugewa, bayan mutum ya farka a sa masa maganin kashe zafi a ido, a tambaye shi abin da yake gani, a ɗan ja ko a sassauta, sannan a ƙulle gaba ɗaya.

Yara allurar barci ake musu. Manya ma galibi haka, ko da yake wani lokaci ana kashe wurin kawai. Za a hana cin abinci na wasu sa'o'i kafin aikin, ku kiyaye wannan sosai, kada tausayi ya sa a ba yaro koko a ɓoye. Yawanci ana sallamar mutum a ranar ko washegari. Idon zai yi ja, ya riƙa yi kamar da yashi a ciki na 'yan kwanaki, jan kuma kan ɗauki makonni kafin ya washe. A yi amfani da maganin ɗigawar da aka bayar kaɗai. Ban da kwalli, ban da ruwan wani ganye, ban da wanka a kududdufi, a kuma kiyaye ƙura.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da nasa haɗarin. Wanda ya fi faruwa shi ne gyaran ya gaza kaɗan ko ya zarce, har a buƙaci firizim ko aiki na biyu. Wannan ba ya nufin an yi ganganci, tsoka nama ce, kowa da yadda tasa ke warkewa. Taɓa tsokar ƙasa na iya sa fatar ido ta ƙasa ta ɗan sauka. Shigar ƙwayoyin cuta, ko allura ta huda farin ido, ko tsoka ta suɓuce, suna faruwa amma ba kasafai ba. Abin da likita ya fi nema shi ne mutum ya ga abu ɗaya in ya kalli gaba da in ya kalli ƙasa, don nan rayuwa take, tafiya, karatu, ƙirga kuɗi, cin abinci. Can ƙurya-ƙuryar kallo wani ɗan biyu-biyu na iya saura.

Iyaye da yayye, ga naku. Dokar jiran nan ta babba ce wanda ya samu rauni. Yaro ba a zama da shi a gida ana cewa zai daina in ya girma. Ƙwaƙwalwar yaro in ta gaji da hoto biyu, sai ta yi watsi da ido ɗaya, idon ya taso bai koyi gani ba. Gyaran wannan ya fi yiwuwa kafin shekara 7 zuwa 8, ta hanyar tabarau da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a rana, tiyata ba ta maye gurbinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke karkata kai kuma, kada a dake shi, kada a tilasta masa miƙewa, idanunsa biyu yake ƙoƙarin ceta. Ku gwada rufe masa ido ɗaya na ɗan lokaci yana wasa, in kuka ga wuyan ya miƙe, to alama ce babba cewa daga ido ne. Barin sa haka shekaru yana iya sa wuyan ya ƙage, fuska ma ta taso ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

Akwai kuma halin da ko kwana ba a yi. Ganin biyu da ya zo farat ɗaya tare da matsanancin ciwon kai, ko fatar ido ta faɗo, ko jiri da karkacewar baki da mutuwar hannu. Yaron da aka buga a ido ya kasa kallon sama yana amai. Ko jaririn da idonsa ya karkace kuma ana hango wani fari a tsakiyar baƙin idon, don wannan na iya zama kansar ido. Waɗannan asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Ina za a nufa? Daga Kiyawa, Andaza, Katanga da kewaye, a fara da Dutse, a nemi ganin likitan ido a Babban Asibitin Dutse ko asibitin Rasheed Shekoni. Aikin tsokar ido fanni ne na musamman, don haka in an ba ku takardar turawa gaba, kada ku ɗauka an kore ku ne. Kano tana nan ta hanyar Shuwarin da Wudil, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, da asibitin ido na Makkah. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ku tambaya a fili ko akwai likitan da ke aikin harara-garke da ranar da yake ganin marasa lafiya, kafin ku kashe kuɗin mota. Ku tafi da katin asibiti, da sakamakon awon baya, da tsofaffin hotuna, da magungunan suga ko hawan jini in ana sha.

'Yar'uwarmu ta Kiyawa, wata huɗu ƙaninki ya yi, da sauran lokacin da jijiyar za ta iya farfaɗowa. Ku bar wuyan ya huta, ku ci gaba da zuwa awo, ku taimaka masa da ɗan abin da zai riƙe kansa kafin ya koma aiki. In Allah ya sa ya koma kan mashin, a saya masa hular kwano, wannan jijiyar ba ta son bugu na biyu.

Wanda ya san wani yaro a gidansu ko a ajinsu mai karkata kai, ya tura wa iyayensa wannan rubutu. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, za mu ɗauko wasu a shiri na gaba in sha Allahu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare mana ganinmu. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.